Kwafin Gwaji

Mai shagon kayan zaƙin ya riga ya ɗora kwali na uku a kan sikeli lokacin da Mudassar ya canza shawara, ya ce a rage laddu a ƙara barfi, mai tsadar. Mutumin ya dube shi ta saman tabarau, ya tambaya ko ɗa namiji aka haifa masa. Mudassar ya ce kusan haka ne, sai dai wannan cikin wata goma sha huɗu ya yi. Mai shagon bai gane ba, amma ya yi dariya, don kilo biyar ba ƙaramin ciniki ba ne da safiyar Juma'a.

Sarmad sahib, mai kamfaninsu, shi ya kira shi yana hanyar ofis, ya ce ya biya ya sayo mithai, wato kayan zaƙi, wanda zai ishi kowa, akwai albishir. A Lahore ba a ba mutane labari mai daɗi baki a bushe. Ko lasin tuƙi ka samu sai an tare ka an ce ina zaƙin. Mudassar bai tambayi wane albishir ba ne, saboda a ganinsa ya riga ya sani.

Shekara uku kamfanin yana gina gem, wato wasan bidiyo, guda ɗaya tak, mai suna Chatri, wato dandamalin gorar nan da masu kiwon tattabaru ke kafawa a saman soro. Wasan ke nan gaba ɗayansa: ka yi kiwon tattabarunka, ka sake su, ka yi musu fito, su zagayo sararin unguwa su janyo na maƙwabci su sauka a rufinka. Sarmad da masu zanensa sun ƙirƙiro shi a manyan kwamfutoci masu tsada, inda komai yake tafiya sumul. Aikin Mudassar da mutanensa shida shi ne su matse wannan abu duka ya shiga wayar da lebura ke iya saya. Suna da kabad cike da tsofaffin wayoyi sama da ɗari, wasu fuskarsu a tsage, wasu an ɗaure su da roba, kuma wata goma sha huɗu suka yi suna lallashin kowace ɗaya. Litinin mai zuwa aka sa za a saki na wayar. To wane albishir kuma ya rage?

Ya shiga ofis da kwalaye a ƙirji, gumi ya jiƙe masa bayan riga. Duk ma'aikatan, su talatin da takwas, sun taru a babban ɗaki. Shi da kansa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa kwali, yana tsokanar masu zane cewa su ɗauki bibbiyu tunda ba su taɓa yin gumi a aikin nan ba.

Sarmad ya tsaya a gaban allo. Ya girmi yawancinsu amma bai kai Mudassar ba, kuma yau idanunsa na wanda bai yi barci ba ne. Ya ce wani babban kamfani na ƙasar waje, mai ƙera akwatin gem da ake jonawa da talabijin, ya ga Chatri ya yaba. Za su biya duk abin da aka kashe a shekara ukun da suka wuce, su kuma ɗauki nauyin kamfanin na shekara biyu masu zuwa. Ɗakin ya kaure da tafi. Wata mai zane ta fashe da kuka. Mudassar ya tura barfi guda a baki don ya samu hannun tafawa.

Sannan Sarmad ya ce akwai sharaɗi ɗaya. Shekara uku cur, Chatri a akwatinsu kaɗai zai fito. Ba a kwamfuta ba, ba a waya ba.

Maganar ta ɗauki lokaci kafin ta isa inda za ta. Mudassar yana ta tafi har sai da ya lura mutanensa shida, da ke jingine da kabad ɗin wayoyi, sun daina, duk sun zuba masa ido. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki da kwali a hammata, bakinsa cike, kamar baƙon da ya shiga gidan biki ya tarar ba nan aka gayyace shi ba.

Bayan an watse Sarmad ya ja shi ofishinsa ya rufe ƙofar gilas. Rubab, lauyar kamfanin, tana zaune da takardu a cinya, ba ta ɗago ba.

Sarmad ya ce, "Mudassar bhai, na so in gaya maka tun jiya, bakina ne ya kasa."

"Amma bakinka ya iya cewa in sayo mithai."

"Ban san wa zan aika ba. Kai ka san shago mai kyau."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ya fi ciwo. Daga nan ya shiga bayani da sauri-sauri, irin na wanda ya maimaita wa kansa magana sau da yawa a mota. Ya ce Mudassar ya fi shi sanin cewa in mutum ɗari suka sauke gem a waya a ƙasar nan, da ƙyar biyu su biya, kuma a abin da biyun suka biya sai kantin da ake saukewa ya yanki kusan kashi ɗaya cikin uku. Talla kuwa, in ka nuna wa 'yan Lahore dubu, ba za ta saya maka shayi kofi biyu ba. Abin da ya rage a banki ba zai wuce watan Agusta ba.

Mudassar ya ce shi abin da bai gane ba, me zai sa mutane su biya maƙudan kuɗi don a hana wasa fita.

"Su ba gem suke sayarwa ba, akwati suke sayarwa," in ji Sarmad. "Mutum zai sayi akwatin ne saboda abin da ba zai samu a ko'ina ba. Ba Chatri suka saya ba, bhai. Rashinsa a sauran wurare suka saya."

"Akwatin da kuɗinsa ya kai abin da mai babur ɗin riksha ke samu a wata huɗu. Wa zai buga shi a nan?"

Sarmad ya kalli tebur. Ya ce bara ya biya wasu masana kasuwa suka yi masa bincike, suka rubuto shafi sittin, ƙarshensa dai mutanenmu ba su da haƙurin wasa irin wannan, harbe-harbe suke so da wasan ƙwallon kurket. Ya faɗi haka a hankali. Kowa a kamfanin ya san a saman soron kakansa ya koyi fito, kuma don 'yan unguwarsu ya fara zana wasan.

Sauran bayanin Rubab ce ta yi. Sashen waya za a rufe shi ƙarshen wata, kowa da albashin wata uku. Mutum talatin da ɗaya za su ci gaba da aiki. Sai ta miƙo wa Mudassar takarda shafi guda. Masu akwatin suna son shugaban sashen waya ya shaida da hannunsa cewa, a lokacin sa hannu, babu kwafin Chatri da ke aiki a kowace na'ura a wajen ofishin nan. Da ƙarfe huɗu za su kira ta bidiyo, a sa hannu suna gani. Idan daga baya aka samu akasin haka, yarjejeniya ta mutu, da tara a kai.

Ya ce ba matsala. Sai da ya kama hannun ƙofa Jamshed ya faɗo masa a rai.

Abin da ya faru a watan Afrilu ne. Waya mai arha ba ta nuna halinta a ɗaki mai sanyi. Sai ta sha rana take zafi, wasa ya fara rarrafe. Ofishinsu kuwa sanyi kamar firij. Mudassar ya gaji da tsayawa a baranda da wayoyi huɗu a hannu, sai ya yi abin da yake gani dabara ce: ya saka kwafin gwaji guda a wayar Jamshed, ƙanen matarsa, wanda ke tuƙa riksha, babur mai ƙafa uku, yana yini a rana daga safe zuwa magariba. Ya sa shi ya rantse da kan 'ya'yansa cewa ba zai nuna wa kowa ba. Dabarar ta yi aiki, sun gano kurakurai bakwai da ofis bai taɓa nunawa ba. Daga nan aiki ya sha kansa, ya manta.

Kwafi ɗaya ne, a wayar ɗan gida. Zai je ya goge, ya yi Juma'a, ya dawo ya sa hannu a takardar korar kansa. Ya fita bai kalli ɓangaren kabad ba.

Bas ɗin a cike take, kowa na sauri kafin a rufe shaguna. Yana tsaye riƙe da ƙarfe, yana tunanin yadda zai fara gaya wa Shagufta, matarsa, sai ya ji fiton.

Fito ne mai hawa uku, na ƙarshen ya ɗan karye. Daga bakin wani tsohon mai tattabaru suka naɗo shi a cikin tsohon gari suka sa a wasan, kuma Mudassar ya ji shi sau dubbai, har a mafarki. Ya shafa aljihunsa. Wayarsa a kashe take. Fiton ya sake tashi, daga kujerar da ke ƙarƙashin gwiwar hannunsa.

Wani dattijo ne mai furfura, da jakar kayan gyaran famfo a tsakanin ƙafafunsa. Ya riƙe wata tsohuwar waya da hannu biyu, harshensa a gefen baki, garken tattabaru na zagaya hasumiyar masallaci a fuskar wayar. A kusurwa kuma ga ɗan jan rubutun da Mudassar ya saka da hannunsa, mai cewa kwafin gwaji ne, ba na fita ba.

Mudassar ya sunkuya kusa da dattijon.

"Chacha, ina ka samu wannan?"

Dattijon bai ɗago ba sai da tattabarunsa suka sauka. "Ba ka da shi? Kai a wane gari kake? Kunna wayarka in tura maka, minti biyu ne."

"A'a, tambaya nake, wa ya ba ka?"

"Surukina. Shi ma a wurin aski aka ba shi." Ya juyo da wayar don Mudassar ya gani da kyau. "Dubi soron nan, har tankin ruwa da igiyar shanya. An ce 'yan Koriya ne suka yi. Ni dai na ce sun zo sun zauna a nan, don namu ba za su iya wannan ba."

Mudassar ya ce haka ne. Ya sauka a tasha ta gaba duk da saura biyu, ya ƙarasa da ƙafa, rana na dukan ƙeyarsa bai ji ba.

Masu riksha suna fakewa a ƙarƙashin wata katuwar bishiya kusa da ƙofar asibiti. Tun daga nesa ya ji fiton, ba ɗaya ba, suna hawa kan juna. Mutum biyar ne kwance a kujerun baya, ƙafafu a waje, kowa da waya. Jamshed ya hango shi, ya yi wuf ya tura tasa ƙarƙashin cinya, abin da bai hana ta yin fito ba.

"Bhai jan, lafiya da ranar nan? Baji lafiya?"

"Yayarka lafiya. Mutum nawa ka ba?"

"Ɗaya. Wallahi ɗaya tak. Bashir mai faci, kuma sai da na sa shi ya rantse kamar yadda ka sa ni."

"Da kan 'ya'yanka ka rantse, Jamshed."

"Ai suna nan lafiya lau," in ji Jamshed, sannan ya ga fuskar mijin yayarsa, dariyar ta koma. Ya ce shi a tunaninsa taimako ya yi. An ce masa a gwada ko wasan zai sa waya zafi, shi kuma wayarsa ɗaya ce, ta ina zai san na sauran? Bashir ma mutum ɗaya ya ba. Kowa mutum ɗaya ya ba.

Kafin nan sauran sun taso sun kewaye su. Da suka ji wai wannan mai rigar ofis ɗin yana cikin waɗanda suka yi wasan, sai aka fara miƙo hannu. Wani ya kira mai shayi. Wani mai gashin baki ya ce tunda Allah ya kawo shi, ya gaya wa ogansu rufi na tara, wato mataki na tara a wasan, zalunci ne, shahon nan ba ya barin kowa, kwana shida ke nan yana cinye masa tattabaru. Na kusa da shi ya ce ba laifin shaho ba ne, mutumin da ba ya iya juya riksha a lungu ta yaya zai juya garke? Aka kwashe da dariya. Mai gashin bakin ya ce matarsa ma ta wuce shi, tana rufi na sha huɗu, shi ya sa yanzu ba ya samun abinci a kan lokaci.

Mudassar ya karɓi shayin saboda an danƙa masa, ya zauna a bakin kwalbati ya kunna wayarsa. Kowane kwafin gwaji an gina shi ne yana neman izini daga babbar kwamfutar ofis duk bayan 'yan mintoci, yana kuma aiko da bayanin wayar da yake ciki. Akwai shafin da ke tara wannan duka. Rabonsa da buɗe shi tun ƙarshen Afrilu, domin ya saita shi ya turo masa saƙo ne kawai idan wasan ya sandare a wata waya. Wata biyu babu saƙo ko ɗaya. Ya ɗauka shirun na rashin masu bugawa ne.

Shafin ya buɗe a hankali. Ya karanta lambar, ya goge fuskar wayar da gefen riga, ya sake karantawa. Wayoyi dubu saba'in da uku da ɗari huɗu da shida.

Kofin ya karkace, shayi ya zuba a takalminsa. Jamshed yana tambaya ko a kira likita tunda ga asibiti. Tsoro ne ya fara kama Mudassar: mutum talatin da ɗaya da iyalansu, da shekara ukun Sarmad, duk ya rataye su a rantsuwar ƙanen matarsa. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu da ya ji kunyar samu a ransa, kuma bai iya kore shi ba. Wayoyi dubu saba'in da uku, na leburori da masu aski, a zafin Yuni, ko sau ɗaya wasan bai sandare ba.

Ya bi sahun Juma'a a masallacin asibiti. Da za a tsare shi a tambaye shi surar da liman ya karanta, da ya sha kunya. Tunani ɗaya ke zagaya kansa: ya sa hannu ya yi shiru. Masu akwatin ba su san hanyar Lahore ba, ba kuma za su hau bas ba. Amma mutum ɗaya ya isa ya ɗauki bidiyon wayarsa ya saka a intanet, kuma ko ba a ɗauka ba, shi bai taɓa sa hannu a kan ƙarya ba. Ba ya jin zai fara ranar da aka kore shi.

Uku da rabi ta gota lokacin da ya tura ƙofar gilas. Ya faɗi komai a tsaye, daga Jamshed har dattijon bas, bai rage ba, bai kare kansa ba. Rubab ta cire tabarau ta ajiye a kan takardu. Sarmad ya tambayi lambar sau biyu, a karo na biyu leɓɓansa kawai suka motsa.

Rubab ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta ɗauki takardar ta bi layin da yatsa. Ta tambaya ko akwai yadda za a kashe su duka. Mudassar ya ce akwai: in aka janye izinin daga nan, cikin minti biyar kowane kwafi zai rufe, ba zai sake buɗewa ba.

Ta ce, "To takardar ta ce a lokacin sa hannu. Ba ta tambayi jiya ba. Ba na jin daɗin wannan, amma abin da suka rubuta ke nan, kuma su suka rubuta."

Sarmad bai ce a kashe ba. Ya ce yana so ya gani.

Mudassar ya buɗe shafin a kwamfutar teburin. A sama akwai lambar waɗanda ke bugawa a daidai wannan lokacin, dubu tara da 'yan kai, tana hawa tana sauka kamar numfashi. A ƙasa layuka ne marasa iyaka, kowane layi waya guda: irinta, garin da take, zafinta, cajin da ya rage, da rufin da mai ita ya kai. Lahore, Gujranwala, Multan, Kasur, har wasu ƙauyuka da Sarmad ya ce bai taɓa jin sunansu ba. Ya ja kujera ya zauna. Ya daɗe yana gangarawa da yatsa ɗaya.

"Minti nawa suke yi a rana?"

"Kusan hamsin."

"Hamsin," in ji Sarmad. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. Mudassar ya san shafi sittin ɗin nan yake tunawa.

Sai yatsan ya tsaya. Wani layi ne daga Sahiwal. Irin wayar nan ce mafi rauni a duk kabad ɗin, wadda ta ci wa sashen Mudassar mako biyar, har suka sa mata suna Kaka. Caji kashi tara. Rufi na talatin, na ƙarshe. Babu wani mahaluki a wajen ofishin nan da ya taɓa gama Chatri.

Ƙarfe huɗu ta buga. Rubab ta leƙa wayarta ta ce sun shigo layi, mutum huɗu, har da mataimakin shugabansu.

Sarmad bai ɗauke ido daga allon ba. "Ki ce musu an ɗauke wuta."

Ta kalli fitilun da ke ci a saman kanta, ta kalle shi, ta fita ta ja ƙofa.

Suka zauna su biyu suna kallon layi guda na rubutu. Ba hoto, ba sauti, lambobi kawai, amma dukansu sun san rufin nan kamar tafin hannunsu, suna iya ganin abin da ke faruwa. Tattabaru arba'in, suka koma ashirin da biyu, suka koma sifili: guguwa ta kwashe su. Mai wayar ya sake. Caji kashi bakwai. A karo na biyu ya kai kusa, Sarmad har ya miƙe rabi daga kujera yana cewa ya yi fito yanzu, yanzu, kamar mutumin zai ji shi daga Sahiwal. Bai yi ba. Ya sake farawa a kashi biyar, wayar ta yi zafin da Mudassar ya san tana ƙona yatsu.

Huɗu da minti goma sha tara, garken ya sauka cif. Sarmad ya rufe fuska da tafin hannu. Bayan rufi na ƙarshe sunayen ma'aikata ne ke wucewa, duka talatin da takwas, minti biyu, kuma akwai wurin da ake dannawa a tsallake. Mai wayar bai tsallake ba.

"Mudassar bhai," in ji Sarmad ta cikin yatsunsa, "in muka ce mun fasa fa?"

Mudassar ya dubi babban ɗakin ta gilas. Masu zane sun daina yin kamar suna aiki, duk sun juyo. A ransa ya so ya ce a fasa, ya so ƙwarai, don in aka fasa shi ne ke da aiki ranar Litinin.

"Babu wanda ya biya ko rupi ɗaya a cikinsu, sahib. Albashin Agusta ba zai fito daga nan ba."

Sarmad ya gyaɗa kai. Ya sauke hannu ya dubi allon. Layin Sahiwal ya canza. Rufi na ɗaya, tattabaru biyu. Mutumin ya koma farko.

Sarmad ya tashi ya je taga ya juya baya. Mudassar ya jira ko zai ce wani abu. Da bai ce ba, ya jawo kwamfutar gabansa, ya shigar da lambar sirrinsa, ya janye izinin. Dubu tara ta koma dubu shida, ta koma dubu biyu, ta koma ɗari da wani abu. Ya zauna har sai da ta zama sifili, don kada ya sa hannu a kan ƙarya.

A ɗakin taro fuskoki huɗu na murmushi a babban allo. Suka jajanta matsalar wuta, Rubab ta yi godiya. Aka gabatar da Mudassar, ɗaya daga cikinsu ya ce sun ji labarin ƙoƙarin sashensa, abin takaici ne duniya ba za ta ga aikin ba. Mudassar ya ce na gode. Ya sa hannu, ya ɗaga takardar ga kyamara kamar yadda aka ce ya yi, aka tafa daga can.

Ya koma ofishin Sarmad don ya rufe shafin. Babu mai bugawa, amma buƙatun izini suna ta shigowa, ana mayar da su, layi na bin layi da saurin da ido ba ya iya bi. Bai yi niyya ba, hannunsa ne ya rubuta Sahiwal a wurin nema.

Wayar ta nemi izini sau goma sha ɗaya. Na ƙarshen da huɗu da minti arba'in da ɗaya, caji kashi ɗaya.